Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Aka Gano Makashin Yaran Anka da Bukkuyum

A farkon shekarar 2010, rani na tsaka, yara ƙanana suka soma mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Rashin yaro ba baƙon abu ba ne a karkarar Arewa, amma wannan ya fita daban. Yaro na cikin wasansa sai ya ƙi abinci, ya riƙa dafe ciki yana kuka, amai ya biyo baya, jiki ya saki. Bayan 'yan kwanaki jijjiga ta kama shi, idanu su kafe, haƙora su datse. Wasu daga wannan suman ba su ƙara tashi ba. Wasu sun farfaɗo, amma ido ya tafi, ko ƙafa ta daina ɗaukarsu, ko bakin da ya fara kiran inna ya rufe. A 'Yargalma da Dareta akwai gidajen da suka binne yaro fiye da ɗaya a rani guda.

A watan Maris labari ya isa kunnen ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake kira Na-gari Na-kowa. Abin da ya kawo su yankin shi ne sa ido kan sanƙarau, domin a 2009 annobarsa ta kwantar da dubban mutane a Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Suka shiga ƙauyukan tare da jami'an lafiya na jiha, suka tarar da sababbin kaburbura ƙanana, da iyaye mata riƙe da yaran da ke sanƙarewa a hannunsu. Ruwa ba ya tsami banza. Amma mene ne ya tsamar da shi?

Zargi na farko

Likita in ya tsaya a kan marar lafiya, ba daga shafin farko na littafi yake farawa ba. Abin da ke fara zuwa masa shi ne: a ina na taɓa ganin irin wannan? Sai ya jawo majinyacin da ya wuce, ya jera shi da na gabansa, ya ga inda suka dace, ya ari maganin da ya yi aiki a wancan karon. Haka ungozoma take yi, haka maɗori yake yi, haka babban likitan asibitin koyarwa yake yi. Hanya ce tsohuwa. Abubakar ar-Razi, likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925, ya riƙa rubuta labarin majinyatansa ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ne ya yi fitaccen littafin da ya raba agana da ƙyanda, cututtuka biyu da ido kan rikita.

To, yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, a ƙauyen Zamfara, da amai da jijjiga da suma, wa ya yi kama da shi? Duk ma'aikacin lafiyar da ya yi aiki a Arewa yana da ɗaruruwan irinsa a ka, kuma kusan dukansu suna ɗaya ne cikin biyu: ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau. Lokacin ma na sanƙarau ne, watannin zafi da ƙura. Ga shi kuma a yankin da sauro ya yi katutu, in ka gwada jinin yara goma ba za ka rasa masu ƙwayar maleriya ba, ko da ba ita ce ta kwantar da su ba. Saboda haka aka yi abin da hankali ya bayar: aka ba da maganin maleriya, aka yi allurar kashe ƙwayoyin cuta.

Yaran suka ci gaba da mutuwa.

A nan ne aikin ganowa na gaskiya ya fara. Almajiran fiƙihu sun san wannan gaɓa a babin ƙiyasi. Ba a ɗora wa sabuwar mas'ala hukuncin tsohuwa don kawai fuskarsu ta yi kama. Sai an tabbatar illarsu ɗaya ce. In akwai bambanci a illa, ƙiyasin ya ɓaci komai kyan kamannin. Gazawar magani ita ce shaidar farko cewa jijjigar waɗannan yara da jijjigar maleriya fuska kawai suka haɗa. Sai aka koma ana lissafa wuraren da kamannin ya karye.

Inda kamanni ya karye

Na farko, shekaru. Sanƙarau in ya shigo gari ba ya tsayawa kan na goye da masu tatata; yana kama 'yan makaranta, da samari da 'yan mata. A nan kuwa kusan duk mamatan 'yan ƙasa da shekara biyar ne, kuma ƙananan cikinsu suka fi tafiya. Yayyensu da iyayensu suna tsaye.

Na biyu, lokaci. Maleriya mai kisa ta damina ce da kaka, sa'ad da kududdufai suka cika. Yawan mace-mace irin wannan a tsakiyar rani bai dace da halinta ba.

Na uku, wuri. Cuta mai yaɗuwa tana bin hanya: kasuwa, biki, makaranta, mota. Wannan kuwa ta tare a wasu ƙauyuka ta bar maƙwabtansu, alhali kasuwarsu ɗaya, suna kuma auratayya. Abin da ke zaɓen gari haka, a cikin garin yake zaune.

Akwai alama ta huɗu, wadda ba ta fito fili ba sai daga baya, lokacin da masu bincike suka zauna da mutanen ƙauyukan. Agwagi sun ragu. Tun farkon shekarar suka riƙa mutuwa, ba wanda ya ɗauke shi abin kai wa asibiti, domin wa ke kai ƙarar agwagwa wurin likita? Amma sauro ba ya kashe agwagwa da maleriyar mutane, sanƙarau ma haka. Abin da zai haɗa agwagwa da yaro mai rarrafe shi ne abin da su biyun suka fi kowa kusanci da shi, wato ƙasa.

Da ido ya bar jikin yaro ya koma kan gari, sai ga abin da ke gaban kowa tun farko. Ƙarar injinan niƙa ba ta yankewa, amma ba dawa ko gero ake niƙawa ba. Dutse ne. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi, har oza ɗaya ta haura dala 1,000, manoma da yawa suka koma haƙa. Maza su sauka rami su fito da duwatsu a buhuna, a kawo gari, a farfasa da guduma, a zuba a inji ya mai da su gari, a wanke, a cuɗa da zaiba don ta kama zinaren, sannan a ƙona zaibar ta tashi ta bar shi.

Duk wanda ya san wannan sana'a, zaiba zai fara zargi, kuma ita ma tana da tsohon misali mai ƙarfi. A garin Minamata na ƙasar Japan, a shekarun 1950, kyanwoyi ne suka fara tangaɗi suna faɗuwa kafin likitoci su gane cewa zaibar da wata masana'anta ke zubarwa a teku ce ke lalata ƙwaƙwalwar masu cin kifi. Dabbobi da farko, mutane daga baya, ga kuma zaiba a hannun kowa: kamanni ya yi kamanni. Sai dai shi ma ya karye a wuri guda. Hayaƙin zaiba ya fi cin wanda ke tsugune a kan wutar, kuma a hankali yake ci, da karkarwar hannu da ciwon dasashi da canjin hali. A Zamfara masu ƙonawa suna kan ƙafafunsu, 'ya'yansu ne ke mutuwa cikin kwanaki. Ƙarfen da aka sani da haɗa ciwon ciki da amai da kumburin ƙwaƙwalwa a jikin ƙananan yara wani ne daban: dalma.

Zato dai zato ne. Aka ɗebi jinin wasu yara marasa lafiya aka aika ɗakin gwaji a Turai. A wancan lokaci, in dalma ta kai maikirogiram 10 a kowace desilita ta jinin yaro, an shiga damuwa. In ta kai 45, sai a fara ba da maganin fitar da ita. Daga 70 zuwa sama ana tsoron ƙwaƙwalwa. Sakamakon da ya dawo, kowane yaro ya haura 100, wasu sun ninka hakan. An samu sunan makashin. Amma sanin suna ya buɗe wasu tambayoyi uku da sai an amsa su kafin a ceci ko da yaro ɗaya.

Ta ina ta shiga?

Tambaya ta farko: yaron da bai taɓa ganin bakin rami ba, ina ya gamu da dalma? A watan Mayu Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta haɗa tawaga da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, da Hukumar Lafiya ta Duniya da MSF da gwamnatin jiha. Suka bi Dareta da 'Yargalma gida-gida. A gidaje 119 da suka shiga, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Kashi 82 cikin 100 na waɗanda suka rasu sun yi jijjiga kafin cikawa. Cikin yara 204 masu rai da aka gwada, babu ko ɗaya da ya tsira daga gubar, kuma kashi 97 cikin 100 sun kai matakin buƙatar magani. Na'urar gwajin jini ta hannu da ake amfani da ita, LeadCare II, iyakar ƙirgenta 65. Yaro bayan yaro sai ta nuna cewa abin ya wuce saninta, har sai da aka koma tsarma jinin kafin a iya karanta adadin.

Amsar tana tsakar gida. Kashi biyu cikin uku na gidajen, a cikinsu ake sarrafa dutsen. Mata da ke cikin kulle sun sami sana'a ba tare da sun fita ba: su fasa, su daka, su shanya, wani lokaci a turmin da ake surfe da shi. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, a tabarma, a kwanon abinci, a zanen goyo. Aka riƙa ɗora wata na'ura mai karanta ƙarafan da ke cikin ƙasa a tsakar gidaje. Ƙa'idar Amurka ta lokacin, inda yara ke wasa kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. Kashi 85 cikin 100 na gidajen sun wuce wannan, a wasu wuraren ma an ga fiye da 100,000 cikin miliyan, wato kashi ɗaya cikin goma na ƙasar da yaro ke rarrafe a kai dalma ce.

Da wannan aka warware maganar shekaru. Mai rarrafe hannunsa daga ƙasa sai baki. Hanjinsa kuma yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, musamman in cikinsa ba ƙoshi, jininsa da ƙashinsa na neman sinadaran gina jiki, domin jiki kan karɓi dalma a matsayin sinadarin gina ƙashi. Ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ƙwari ba, gubar ta ratsa ta, ta kumbura, jijjiga ta biyo baya. An kuma warware maganar agwagi, masu cusa baki a taɓo da kududdufan da ake wanke garin dutse.

Tambaya ta biyu: me ya sa sai yanzu, alhali an daɗe ana neman zinare a ƙasar Zamfara? Abubuwa biyu ne suka haɗu. Mahaƙa sun faɗa kan jijiyar dutsen da zinarenta ke cakuɗe da dalma mai yawa, a wasu samfura fiye da kashi 10 cikin 100. Sannan inji ya shigo. Abin da hannu zai yi kwanaki yana dakawa, inji ya niƙe shi a busasshe cikin sa'a, ya tashi ƙura mai laushin da iska ke ɗauka ta raba wa gari.

Tambaya ta uku ta fi wuya. Uwar dalma a cikin ƙasa ita ce dutsen nan mai sheƙi da ake niƙawa a yi kwalli, kuma an san ciki ba ya narkar da shi da sauƙi. An yi garuruwan haƙar dalma da yawa a duniya ba a ga mutuwa irin wannan ba. Masanan Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka ne suka amsa, bayan sun nazarci samfuran Zamfara. Ruwa da iska na tsawon zamani sun sauya wani kaso mai yawa na dutsen zuwa wani nau'i da ruwan cikin ɗan'adam ke narkarwa nan da nan. Ga saurin narkewa, ga laushin niƙa, ga yawa. A nan ma tsohon misali ya ba da rabin gaskiya ne, ragowar rabin tana cikin bambancin.

Misalin da ke ajiye a Dakar

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, wannan bala'i yana da ɗan'uwa na kusa, a Afirka ta Yamma, shekara biyu kacal kafin nan. Tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008, yara 18 suka mutu a unguwar Ngagne Diaw da ke Thiaroye-sur-Mer a gefen birnin Dakar na Senegal. Amai, jijjiga, suma. An zargi cututtukan da aka saba gani, ba su ba ne. Can ma dabbobin gida sun riga yara faɗuwa. Ashe unguwar ta daɗe ana fasa tsofaffin batiran mota, da farashin dalma ya tashi sai mata suka shiga kwasar ƙasar wurin suna kaiwa gida suna tankaɗewa don su tsinci dalma su sayar, 'ya'yansu na gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bincika a 2008, aka buga sakamakon a 2009.

Jera su ka gani: talauci, tashin farashin ƙarfe a kasuwar duniya, sana'a ta shigo tsakar gida, mata na aiki da yara a kusa, dabbobi su fara, yara su biyo. Bambancin kawai, can batir, nan dutsen zinare. Da labarin Dakar yana hannun malamin asibitin da ya fara ganin yaran 'Yargalma, a rubuce ta yadda alamomin za su kai shi gare shi, da an rage makonni, kuma kowane mako a lokacin rayuka ne. Amma labarin yana cikin mujallar masana, an ajiye shi ƙarƙashin sunan batir da dalma. Wanda ke tsaye kan yaro mai jijjiga bai san dalma yake nema ba, balle ya neme ta da sunanta.

A wajen magani kuwa, tsofaffin misalai sun yi rana ƙwarai, amma ba wanda aka ɗauka yadda yake. Ga yaron da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, abin da littattafai suka tanada allurai ne a asibiti mai kayan aiki, yaro ɗaya ko biyu a lokaci guda. A nan ɗaruruwa ne, a ƙauyukan da babu lantarki, damina kuma na shirin yanke hanya. MSF ta buɗe cibiyoyi a asibitocin Anka da Bukkuyum, ta dogara da maganin sha mai suna DMSA, wanda ke kama dalmar da ke jini ya fitar da ita ta fitsari. Ana shansa na makonni, a huta, a sake gwaji, a maimaita, domin dalmar da ta ɓuya a ƙashi takan sake sauka cikin jini. Mace-mace suka ragu ƙwarai a inda maganin ya kai.

Sai dai ba wa yaro magani a mai da shi gidan da ya sha gubar aikin baban giwa ne. Dole a wanke garin tukuna. A nan aka jawo wani misalin daga nesa. A yankin Bunker Hill na jihar Idaho a Amurka, masana'antar narka dalma ta gurɓata garuruwa a shekarun 1970, aka shafe shekaru ana kwashe ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. Kamfanin TerraGraphics da ya yi wancan aiki, tare da Cibiyar Blacksmith, su aka kira Zamfara. Dabarar ɗaya ce, amma kayan aikin suka canza. A maimakon manyan motoci, fartanya da shebur da buhu. A kankare saman ƙasar tsakar gida, a zuba a buhuna, a kai rami na musamman a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Mutanen gari aka horar suka yi da hannunsu. Da yake ba kowane namiji ke shiga gidan kulle ba, aka sa mata a cikin aikin, su shiga su yi bayani su duba ɗakuna. Sarakuna da hakimai suka sa baki aka fitar da niƙan dutse bayan gari. Wannan sa bakin ya zama dole, domin mutane da dama sun yi ta ɓoye gaskiya don tsoron a hana su abin da suke ci da shi.

Daga Yunin 2010 zuwa farkon 2011 aka tsabtace ƙauyuka bakwai: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗi da yara kusan 1,500 da ba a iya fara yi wa magani ba, har sai 2013, bayan matsin lambar ƙungiyoyi da matasa ya sa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. An ƙiyasta yaran da suka rasu a wannan annoba sun haura 400, dubbai kuma suka sha gubar, wasunsu da naƙasar da ba ta warkewa.

Gwajin ajiya

A shekarun 1980 wasu masanan kwamfuta a Amurka, irin su Roger Schank na Jami'ar Yale da ɗalibarsa Janet Kolodner, suka lura cewa ƙwararre ya fi warware matsala da tuna makamanciyarta fiye da bin jerin dokoki, suka ce to a koya wa na'ura yin haka. A 1994 Agnar Aamodt da Enric Plaza suka tsara hanyar a matakai huɗu: a nemo tsohon misalin da ya fi kusa, a ari maganinsa, a gwada a gyara, sannan a adana sabon darasin domin gaba. Fannin lafiya na cikin wuraren da aka fara gwada ta. Manhajar CASEY da Phyllis Koton ta ƙirƙira a cibiyar MIT a ƙarshen shekarun 1980 tana duba masu ciwon gazawar zuciya. Abin da ya ba ta daraja shi ne, in ta samo majinyacin da ya yi kama da sabon, ba ta miƙa amsa nan take. Sai ta bi bambance-bambancen da ke tsakaninsu ɗaya-ɗaya ta auna ko akwai wanda ya rushe kamannin.

Matakai uku na farko an taka su a Zamfara ba tare da wata manhaja ba. An nemo maleriya da sanƙarau, aka ari maganinsu, ya gaza, aka gyara zato. An nemo Idaho, aka sauya ta ta dace da gidan kulle. Saura mataki na huɗu: shin an adana?

Amsar ta zo a 2015. A ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a yankin Shikira, yara suka fara jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan masu haƙar zinare. A wannan karon ba a daɗe ana laluben suna ba. Akwai jami'an da suka yi aikin Zamfara, akwai na'urar gwaji, akwai tsarin magani a rubuce, akwai waɗanda suka iya kwashe ƙasa. A watan Mayu gwamnati ta bayyana cewa gubar dalma ce, yara 28 sun rasu cikin 65 da suka kamu. Ajiya ta yi amfani, tunda 28 ba 400 ba ce. Amma ta yi amfani ne bayan an fara binne yara, kuma tsabtace ƙauyukan sai a 2016. Darasin ya zauna a kan ƙwararru a Abuja da Gusau, bai riga gubar isa ƙauye ba.

A ganina nan ne aikin da ya rage. Ana ta maganar sa kwamfuta da wayar hannu su taya ma'aikacin lafiya gano cuta, kuma abu ne mai kyau. Amma na'ura ba ta tuna abin da ba a ba ta ba. In rumbunta cike yake da majinyatan Turai da Amurka, ko kuma da maleriya zalla, to yaron Dareta in ya zo gabanta maleriya za ta ce, da ƙarfin gwiwa kuwa. Rumbun da zai amfane mu sai ya ƙunshi namu majinyatan, har da waɗanda aka yi kuskure a kansu, domin labarin maganin da ya gaza ya fi na wanda ya ci koyarwa. Sai an jera su bisa alamomin da ma'aikaci zai gani da idonsa, ba bisa sunan cutar da bai riga ya sani ba. Sai kuma an ba da gurbin abubuwan da katin asibiti ba ya tambaya: sana'ar gidan, yara nawa suka kwanta a unguwar, wane wata ake ciki, ko dabbobi na mutuwa.

Haka nan kada Zamfara ita ma ta zama sabuwar makanta. Ba kowane dutsen zinare ke ɗauke da dalma ba, kuma har gobe yawancin yaran da ke jijjiga a ƙasar Hausa maleriya ce ke damunsu, jinkirta musu magani kisa ne. Amfanin misali shi ne ya faɗa maka lokacin da ya kamata ka tsaya ka sake tambaya: in magani ya gaza, in yara da yawa suka kwanta a gari ɗaya, in lokacin bai dace ba.

MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin Zamfara a 2022, bayan fiye da shekara 11. Haƙar zinare ba ta tsaya ba, a Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna, har zuwa Jado a arewacin Nijar, kuma masu fasa batir suna nan a bayan kasuwannin biranenmu. An riga an san abin da ke kare yara: a niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, a yi aikin nesa da gida, mai aiki ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, turmin abinci ya zauna na abinci. Wannan ilimi da rayukan yara sama da 400 aka saye shi, bai kamata ya tsaya a mujallu ba. Ya cancanci shiga manhajar kowace makarantar koyon aikin lafiya a Arewa, da bangon kowane ɗakin shan magani da ke kusa da ramin haƙa, har ya zama duk malamin asibitin da aka kawo wa yaro mai jijjiga, bayan ya ba da maganin maleriya, zai juya ga uwar ya tambaye ta: “Baiwar Allah, me ake niƙawa a gidanku?”